Ɗan Sarki a Hannun Yaya Hamdiya

Duk wanda ya kwana biyu a Dakoro ya zauna a kan aikin hannun yayata, ko ya sani ko bai sani ba. In ka je barkar suna aka shimfiɗa maka tabarma mai jan baki da baƙaƙen layi biyu a tsakiya, to ta Yaya Hamdiya ce. In ka shiga masallacin unguwarmu ka ga wata tsohuwar tabarma da ta ƙi mutuwa, tabarmin leda uku sun zo sun same ta sun yage sun bar ta, ita ma tata ce. Shekararta sittin da takwas, ta ba ni huɗu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannunta ba komai a cikinsa ba.

Ni sunana Harisu. Mushe Harisu ake ce mini, wato malam a bakin Faransawa, don na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da yara a lakwal, daga Korahane zuwa Ajekoriya, kafin in ajiye alli in dawo Dakoro in zama abin da Yaya take kira mai gadin inuwa. Ina da wani hali da na san ba kowa yake so ba: in na ji baƙuwar kalma, sai na bi ta har gidan ubanta. Ina da tsohon ƙamus na Faransanci wanda bangonsa ya rabu da shi tun tuni, kuma Yaya tana cewa da a ce ana auren littafi, da shi ne uwargidana.

Bara, bayan kaka, Yazidu ɗanta na fari, mai kai raguna Agadas, ya biya mata kujerar Makka. Abin da ta daɗe tana roƙo ke nan, tun mijinta Kimba yana da rai. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba, ta dai ajiye saƙar da ke hannunta na ɗan lokaci, wanda a wurinta ya fi guɗa. Gwiwoyinta sun fara gardama, idonta na dama ya fara hazo, kuma ita da bakinta ta ce mini in ba bana ba, ba ta jin ƙafarta za ta iya ɗawafi baɗi. Sai mutumin ajans ɗin da ke shirya tafiyar ya zo da sharaɗi: kowane maniyyaci sai ya je Maraɗi mashin ya ɗauki zanen yatsunsa. Za a rufe ɗauka ranar Alhamis ta ƙarshen wata mai zuwa, kuma wanda yatsansa bai shiga mashin ba, ƙafarsa ba za ta shiga jirgi ba.

Kafin in kai ku Maraɗi, bari in gaya muku yadda hannun nan yake.

Ranar kasuwa ake kawo kaba daga wajen Gulbin Kaba, a kan amalanke da raƙuma. Yaya ba ta sayen kaba da ido. Takan zare ganye ɗaya ta ja shi tsakanin babban yatsa da manuni, daga gindi har tsini, ta ce wannan ta sha rana da yawa, waccan an yanke ta ba ta isa ba. Masu kabar suna tsoronta kamar jandarma. In ta kawo gida sai ta tsaga da farce, ta jiƙa, ta rina wadda za ta rina, sannan ta maƙala ɗauri a hammata ta fara. Tana saƙa tana tafiya, tana saƙa tana ciniki, tana saƙa tana faɗa da suruka, ba ta ko duban abin da yatsun suke yi. In layin ya yi tsawo ta naɗe shi a damtse, in layuka sun taru ta ɗauko basilla ta haɗa su. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take wannan.

Amma yatsu tara ne suke aikin. Na goma, ƙaramin yatsan hagu, a ƙage yake, ya ɗaga sama ya karkace waje, ba ya lanƙwasawa, ba ya taɓa komai. Sauran suna ta kai da kawo shi yana tsaye yana kallo. Shi ya sa ta sa masa suna Ɗan Sarki, wai talakawa na noma shi yana riƙe da lema. Da bakinta takan yi masa ba'a, amma in baƙo ya zo sai ka ga ta ja bakin mayafi ta rufe shi.

Ni na mai da shi Ɗan Sarki. Muna Birnin Lalle a lokacin, gidan babanmu. Rijiyar unguwarmu tana da zurfin da sai jaki ya ja igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo. Aikina in riƙe jakin, aikin Yaya ta tsaya bakin rijiya ta tarbi gugan. Ina da shekara bakwai, tana da sha ɗaya. Ran nan wata ƙatuwar mota ta ratso gari, irin wadda akan yi wata ba a ga ɗaya ba, na saki jakin na ruga kallo. Jakin ya ji ba kowa a kansa ya ja da baya, gugan cike da ruwa ya koma ƙasa da gudu, igiya ta matse yatsanta a jikin icen da ke gicciye a bakin rijiyar. Babanmu mutum ne mai saurin hannu. Da ya tambayi yadda aka yi, sai Yaya ta ce ita ce ta yi sakaci ta sa hannu inda bai kamata ba. Maɗori ya ɗaure yatsan da kara, ya warke yadda ya ga dama. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, kuma in faɗi gaskiya, shekara hamsin da bakwai ban taɓa iya duban yatsan nan kai tsaye ba. Kunyarsa nake ji.

Sauran taran ma ba su bar ni haka ba. Da na ci jarrabawa aka kai ni kolej a Maraɗi, tana sabuwar amarya, tabarminta ne suka saya mini kaye da bik na rubutu da takalmi. Ƙamus ɗin da take yi wa kishi ma daga cikin kaba ya fito.

Muka kama hanyar Maraɗi da sassafe, ni ne ɗan rakiya, don Yazidu yana arewa da ragunansa. Motar cike da maniyyata, yawancinsu tsofaffi, kowa ya sa kayan sallarsa kamar Makkar za a yau. Mutumin ajans yana gaba yana ta kwantar wa mutane hankali, yana cewa abin ba wuya, komai yanzu dijital ne, minti biyu an gama. Ya faɗi dijital ɗin nan ya fi sau goma kafin mu kai Kornaka. Yaya, wadda ko a motar saƙa take yi gwiwar hannunta na zungurar haƙarƙarina, ta juyo.

"Mushe, mi ne ne dijital ɗin ga da mutumen ga ke ta hwaɗi? Ciwo ne ko magani?"

Ai kuwa ta taɓo ni inda nake so. Na gyara zama, gwargwadon yadda mutum zai iya gyara zama tsakanin mutum huɗu a kujerar mutum uku, na fara. Na ce kalmar tsohuwa ce ƙwarai, ta fito daga harshen Latin na Rumawan da can, inda suke ce wa yatsa dijitus. Na ce tun kafin a san alli da allo, ɗan Adam da yatsunsa yake ƙirga, shi ya sa har yau ko'ina goma-goma ake tafiya. Da aka daɗe ana haka, sai waɗansu Turawan suka ɗauki sunan yatsa suka ba lambobin su kansu. Da aka ƙera mashinan da ba su san komai ba sai lamba, masu mai da hoto da murya da sunan mutum duk su koma lambobi, sai sunan ya bi su. Na ƙara da cewa Faransawa sun fi son su ce wa irin waɗannan mashinan nimerik, su bar dijital ga abin da ya shafi yatsa na jiki, kamar zanen da za a ɗauka yau, amma samarin yanzu sun ɗauko ta daga bakin masu Ingilishi sun shafa wa komai, har agogo da rediyo. Ina cikin bayani na lura rabin motar sun yi gyangyaɗi.

Yaya ba ta yi ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ashe duk wannan dogon zancen a kan yatsa ne. Ta ce in dai abin na yatsu ne, ba ta da fargaba, don duk Dakoro ba macen da za ta nuna mata yatsu. Ta ci gaba da saƙarta da ƙarfin gwiwa, har da ɗan waƙa a maƙoshi.

A biron da aka kai mu, wato ofishin ɗaukar yatsun, wata yarinya ce a zaune bayan tebur, Raudatu sunanta, da ordinata, wato kwamfuta, a gabanta da wani ɗan akwati mai gilashi a sama. Ka ɗora yatsu huɗu a kwance, sannan huɗun ɗaya hannun, sannan manyan yatsu biyu. In ya karɓa fitila ta yi kore, in ya ƙi ta yi ja. Tsofaffin da ke gabanmu suka yi ta wucewa, har da wani makiyayi mai hannu kamar busasshiyar fata. Da aka zo kan Yaya ta zauna da isa, ta ɗora hannun dama kamar mai ba da sadaka.

Ja.

Raudatu ta goge gilashin ta ce Inna ta sake. Ja. Ta ce ta danna sosai. Ja. Aka koma hagu, yatsu uku suka kwanta, Ɗan Sarki ya tsaya a sama yadda ya saba, bai ko san ana yi ba. Yarinyar ta dube shi sau ɗaya, ta ga layin mutanen da ke jira har ƙofa, ta danna wani abu ta tsallake shi. Na gani, na kau da kai. Manyan yatsun ma ja.

Sai ta kamo hannun Yaya ta juya shi ta duba a haske, ta kira ni in gani. Kan yatsun sumul suke kamar bayan ƙwarya. Kaba ta shekara hamsin da shida ta goge zanen tas, ba layi ko ɗaya. A fuskar ordinatar ba abin da ya fito sai baƙin tabo, sai ka ce an ɗiga miya.

Yaya ta tambayi abin da mashin ɗin yake nufi. Raudatu ta rasa yadda za ta faɗa da ladabi, ta ce wai bai ga yatsu ba. Ban taɓa ganin ran yayata ya ɓaci irin na ranar ba. Ta ce a tambayi mashin ɗin a kan tabarmar wa uwarsa ta haife shi. Mutanen layi suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Yarinyar dai mai hankali ce. Ta ce ta sha ganin haka wurin masu wanki da magina da masu jan igiyar rijiya, kuma sau da yawa zanen yakan ɗan dawo in an huta. Ta ce Inna ta koma gida ta yi sati uku ba ta taɓa kaba ba, ta riƙa shafa man shanu safe da yamma, kada ta yi lalle, ta dawo ranar Alhamis ɗin ƙarshe. Ta ce ba ta yi alkawari ba, amma abin da ta sani ke nan.

A nan aka fara sati ukun da unguwarmu ba za ta manta ba.

Aisata matar Yazidu ita ta karɓi aikin gadi, kuma ina zargin ta ji daɗinsa fiye da kima, don shekara goma sha biyar surukarta na gaya mata yadda ake riƙe tsintsiya. Ta kwashe duk kabar gidan ta kai maƙwabta. Ta ɓoye basilla. Da safe ta lafta wa hannun man shanu ta zura shi cikin safar ƙafar Yazidu, Yaya ta zauna a kan tabarma hannu biyu a sama kamar kuturwar da ke jiran sadaka, kyanwar gidan na zagaya ta. Mata suka riƙa zuwa gaishe da hannu kamar ana gaida mai jego. Wannan ta kawo man kaɗanya, waccan ta ce a gwada kitsen rago, wata tsohuwa ta dage sai an yi ƙunshi don a cewarta ba a kai hannu gaban hukuma fari fat. Da ƙyar na kore ta da ƙwaryar lallenta.

Matsalar ita ce hannun bai san an ba shi hutu ba. In aka cire safar sai ka ga yatsun suna motsi a iska, suna saƙa kabar da babu. Ta kitse gezar mayafinta. Ta kitse igiyar akuya. Ran nan na zo na tarar ta tsefe bakin tsintsiya tana shirin yi mata aure da wata tsintsiyar. Da aka hana ta duk wannan sai aikin ya koma baki: ta yi faɗa da Aisata, ta yi da mai tallar nono, ta yi da zakaran maƙwabta, ni kuwa nawa kullum ne, bayan la'asar, kamar shayi. Ta ce ni da ƙamus ɗina muka jawo mata, wai da ban gaya wa mashin asalinsa ba da bai yi girman kai ba.

Sai da kwana goma sha biyu suka wuce ta yi laushi. Ta daina faɗa, tana murmushi, tana cewa Aisata sannu da aiki. Ni da na koyar da yara shekara talatin ya kamata in san abin da shirun mai ƙiriniya yake nufi, amma na ɗauka haƙuri ne ya sauko mata.

Saura kwana uku mu koma, na zo da hantsi, Aisata ta tafi kai niƙa. Ban ga Yaya a tsakar gida ba. Na zagaya bayan rumbu inda ake ɗaure awaki, sai ga ta a zaune a kan turmi a kife, safa a ajiye a gefe, kaba a hammata, yatsun na gudu kamar an sako su daga kurkuku. A kan cinyarta wata 'yar tabarmar salla ce, ta kusa ƙarewa, saƙa siririya wadda ban taɓa ganin ta yi irinta ba. Ashe maƙwabciyarta Zainabu ce take miƙo mata kabar da basilla ta kan darni, tata kabar da Aisata ta kai ajiya.

Na yi fushi, fushi na gaske, irin wanda tsoro ne a ƙarƙashinsa. Na gaya mata maganganun da ƙane bai kamata ya gaya wa yayarsa ba. Na ce Yazidu ya sha ranar hanyar Agadas a banza, na ce ta sayar da Makka da tabarma, na ce tsufa ya fara taɓa ta. Ta bar ni na gama, hannunta bai tsaya ba.

"Harisu," ta ce, kuma ba ta kirana da sunana sai magana ta kai magana, "shekara hamsin mutanen garin ga na sa goshinsu bisa aikina. Ni in tahi gaban ɗakin Allah in sa nawa bisa leda? In ya kira ni, da wagga za ni. In bai kira ba, ku shimhiɗa ta ku yi mini salla."

Na kamo hannunta na dama na duba. Ɗan abin da man shanu ya fara dawo da shi, in ma ya dawo, kaba ta sake lashe shi. Na koma gida ban ci abincin rana ba.

Ranar Alhamis muka sake kama hanya. Wannan karon ba lacca, ba waƙa. Ta naɗe 'yar tabarmar ta rungume ta a ƙirji, wai in an ƙi ta a Maraɗi ta yi azahar a kanta ta dawo. Da muka ratsa Gulbin Kaba ta leƙa ta taga tana kallon goriba, ta ce kabar bana ta yi kyau.

Biron ba cunkoso, don ranar ƙarshe ce, saura 'yan tsiraru irinmu da mashin ya yi wa gardama. Raudatu ta gane mu, ta taso ta gaishe da Yaya har ƙasa, ta tambaya ko an huta. Yaya ta ce an huta daidai gwargwado. Yarinyar ta dubi hannun, ta dube ni, na dubi silin.

Ta yi iya yinta, wannan na shaida. Ta sa Yaya ta hura wa yatsun iska. Ta sa ta goga su a goshi don su ɗan yi maiƙo. Ta ɗiga musu ruwa ta goge. Ta bi su ɗaya-ɗaya, tana mirgina kowanne a kan gilashi a hankali. Dama biyar, ja. Hagu huɗu, ja. Daga nan ta jingina da kujera ta ce akwai inda ake rubuta cewa aiki ya cinye zanen mutum, amma takardar ba ta wucewa sai da aƙalla yatsa ɗaya da ya fito sosai, wanda za a gane mutum da shi a can. Ta ce ko ɗaya ne ya isa. Muryarta ta yi ƙasa da ta ce ba ta samu ba.

Yaya ta gyaɗa kai. Ta ce Allah bai kira ba, ta yi wa yarinyar godiya, ta sa mata albarka, ta fara tattara mayafinta. Ta dafa tebur za ta miƙe, kuma da yake gwiwa ba ta da ƙarfi, sai ta dafa da hannun hagu, mayafin ya zame. Ga Ɗan Sarki a tsaye, shi kaɗai, sama da sauran. Wannan karon ban kau da kai ba. Na dube shi sosai, karo na farko tun ina ɗan shekara bakwai, sai na ga fatar kansa ba irin ta 'yan'uwansa ba ce.

"Ɗiyata," na ce, "akwai guda da ba ki gwada ba."

Yaya ta yi wuf ta mai da hannun cikin mayafi. Ta ce wannan ba yatsa ba ne, ado ne, kada in sa yarinyar mutane ta ɓata lokacinta. Na ce ta ba ni hannun. Ta ƙi. Na ce Yaya, don Allah. Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo.

Ban taɓa taɓa shi ba sai ranar. Sanyi gare shi, da laushi kamar na yarinya. Da yake ba ya kwanciya, sai Raudatu ta jawo akwatin zuwa bakin tebur ta karkata shi, ni kuma na riƙe wuyan hannun na juya shi har kan yatsan ya sami gilashi. Yarinyar ta ce kada kowa ya motsa.

Kore.

A fuskar ordinatar zanen ya fito cikakke, layi bayan layi suna zagaye, kamar kunyoyin gonar da aka gama huɗa da safe. Raudatu ta sake ɗauka har sau biyu don ta tabbata, duk kore. Ta juya ordinatar don Yaya ta gani. Yaya ta matso da idonta mai kyau har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe tana kallo. Ta ce ashe haka nata suke da, ita ta manta. Ta ce saƙar ba laifi, wanda ya yi ta ya iya.

Muka fito muka zauna a inuwar wani icen bedi muna jiran motar Dakoro ta cika. Ina ta juya magana a bakina kamar goro. A ƙarshe na ce mata ni na saki jakin nan ran nan, mota na tafi kallo, kuma na bar ta ta ɗauki laifin a gaban Baba, ban taɓa ba ta haƙuri ba.

Ta dube ni kamar na gaya mata rana daga gabas take fitowa.

"Ai na sani, Mushe. Ina wurin."

Na ce duk da haka.

"Kai kaɗai ne ba ka san an gama maganar ga ba tun ran nan," ta ce. Ta ɗaga hannun ta dubi yatsan, ba mayafi, a gaban duk mutanen tasha. "Da ba ka saki jakin ba, da shi ma kaba ta cinye shi tare da 'yan'uwanshi. Aje mini shi ka yi."

Na yi kuka a tashar Maraɗi, ni da furfurata, mai sayar da lemo yana kallona. Yaya ta ce in share ido kada a ce ta doke ni. Sannan ta zura hannu cikin jakarta ta zaro ɗaurin kaba, wanda ashe da shi ta zo, ta maƙala a hammata, ta ce tunda an gama da mashin sai a koma aiki.

Ta je ta dawo lafiya, Hajiya Hamdiya yanzu, ko da yake ni har gobe Yaya nake cewa. Ta gaya wa duk Dakoro cewa a ƙasa mai tsarki ma Ɗan Sarki aka nema, shi ya buɗe mata ƙofa, talakawan tara suna biye. Ba ta ƙara rufe shi da mayafi ba. In masu kaba sun yi mata gardamar farashi, da shi take nuna su.

Cikin tsarabar da ta raba, kowa ya sami dabino da zamzam da carbi. Ni sai da mutane suka watse ta miƙo mini 'yar tabarmar nan, a naɗe, gefenta ɗaya ya ɗan yi duhu inda goshinta ya riƙa sauka. Ta ce ladan ajiya ne. A kanta nake salla yanzu, kuma da yamma in na je gidan na zauna gadin inuwa, yatsu tara suna aiki, ni da na goman muna zaune muna kallo.